Rasuwar Yaya Inbata, Mai Ba Kifi Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta saba da shirun falo ba, iyalan Mai Gilashi na hawa na uku, ƙofar ƙarshe kusa da tankin ruwa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan masu kiwon kifin ado rasuwar babban ɗansu, Inbata, wanda aka fi sani da Yaya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da rana tsaka, a falo, a ƙarƙashin akwatin kifin da ya yi wa hidima tun ranar da aka shigo da shi gidan, bayan gajeriyar jinya wadda ba ta kai tsawon tafasar ruwan shayi ba.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, mutum uku ne a cikinsa. Akwai Mai Gilashi, wanda ke yanka madubi da gilashin taga a wani shago a bakin babban titi, mutum mai tsabtar aiki, wanda ba ya ɗora wuƙa a kan gilashi sai ya auna ya sake aunawa. Akwai matarsa, Umma, tela ce, tana ɗinki a ɗakin tsakiya. Sai 'yarsu guda ɗaya, 'yar aji uku a firamare, wadda ta zo duniya da ciwon asma. Idan ƙirjinta ya tashi, numfashinta yakan fita da wani siririn sauti, shi ya sa babanta yake kiranta Usur. Umma ba ta son sunan, ita Mamana take ce mata, amma yarinyar tana amsa shi da gudu, domin ba kullum babanta yake kiranta ba. Abinci bai yanke musu ba, sutura ma ba su rasa ba. Abin da suka rasa wuta ce. A unguwarsu wuta baƙuwa ce mai sauri, ta gaisa a tsaye ta wuce, ɗan abin da ta bari kuma mita ta lashe shi tana neman ƙari.

Marigayin ya shigo gidan ne ana saura 'yan watanni a haifi yarinyar. A lokacin Mai Gilashi ya gama haɗa akwatin kifinsa da hannunsa, dogo ne, babban mutum zai iya miƙewa a ciki, sai aka yi wata doguwar ɗaukewar wuta, ya dawo daga shago ya tarar da kifayensa na farko sun juya ciki sama. Waɗanda suka gan shi a ranar sun ce bai yi kuka ba. Ya dai tsame su ɗaya bayan ɗaya da ludayi, ya ce ba za a sake ba. Mako bai zagayo ba ya hau matakala da Inbata a kafaɗa, Umma da tsohon ciki tana riƙe masa ƙofa. Tun da ya riga yarinyar zuwa, shi ne babba. Da ta fara magana babanta yakan ce ta je ta gaishe da yayanta, aka yi dariya, sunan ya zauna.

Aikinsa ba shi da yawa a faɗe, amma babu hutu a cikinsa. Idan akwai wuta ya tara ta a batir biyu da ke gefensa, idan aka ɗauke ya riƙa sakinta a hankali. Fulogi uku ne a jikinsa. Ɗaya na shuɗiyar fitilar da ke saman ruwa, ɗaya na matatar da ke tsabtace ruwan, na ukun, ƙaramin cikinsu, na famfon iska, wanda ke hura kumfa ta wani siririn tiyo zuwa ƙasan akwatin. Kifi a kogi ba ya neman taimakon kowa. Kifi a falo kuwa, idan kumfar nan ta tsaya a ranar zafi, sai ya taso sama yana buɗe baki, daga nan kuma sai ludayi. Saboda haka dokar gidan guda ɗaya ce, wadda ko baƙo yakan haddace kafin ya gama shan ruwa: ba a cire wa Yaya fulogi, ba a ƙara masa.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaida cewa mai kawaici ne. Ba shi da hayaniyar janareta, ba shi da hayaƙi, bai taɓa sa maƙwabta sun buga ƙofa ba. Maganarsa uku ce duk tsawon rayuwarsa. Idan aka ɗauke wuta ya ce ƙas, ya karɓi aiki tun kumfa ba ta ankara ba. Idan yana aiki ya riƙa wani gunaguni can ƙasa-ƙasa, huuum, kamar dattijon da ke tuna wata tsohuwar magana. Idan batir ya yi ƙasa ya ce tsit, ya yi shiru, ya sake cewa tsit, cikin ladabin wanda ba ya son ya dami jama'a da yunwarsa. Mai Gilashi, wanda ko faɗuwar tukunya ba ta katse masa barci, yana jin tsit ɗin nan daga ƙuryar ɗaki yakan diro daga gado. Umma ta taɓa cewa da za a koya wa Mamana yin tsit a maimakon tari, da kowa ya huta. Maigidan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Umma akwai barkwanci, washegari ma ya ba abokansa labari.

Sai dai riƙon babban ɗa ba ya zuwa kyauta. Wutar da Yaya yake bayarwa, daga mita yake shanta, kuma cikinsa ba ƙarami ba ne. Duk lokacin da aka ƙara kuɗin wuta, Mai Gilashi yakan tsaya gaban mita da hannu a ƙugu, ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya zagaya gidan a hankali yana duban kayan wuta ɗaya-ɗaya, kamar mai zaɓen kazar da za a yanka. Ta haka marigayin ya binne 'yan uwa da dama kafin nasa lokacin ya zo. Dutsen guga ne ya fara tafiya. Firji ya bi shi, ya koma kabad ɗin ajiye abincin kifi. Aka cire wa keken ɗinkin Umma motarsa, ta koma taka shi da ƙafa, har gwiwarta ta dama ta fara ƙara idan za ta miƙe. Ta ƙarshe fankar ɗakin yarinyar ce. Ranar da aka sauke ta Umma ta bi shi har falo tana tuna masa cewa likita ya ce zafi da hayaƙi su ne abokan gabar ƙirjin nan. Ya amsa mata a natse, domin shi ba mai ɗaga murya ba ne, cewa mutum yana da hannu, yana iya yi wa kansa fifita, kifi kuwa da me zai yi?

Kada wani ya ɗauka yarinyar ta riƙe Yaya a zuciya saboda fanka. A duk gidan babu mai ƙaunarsa kamarta. Idan yamma ta yi ɗakuna suka yi duhu, a gabansa take baje littattafanta ta yi aikin gida da shuɗin hasken akwatin, har wata rana ta kai makaranta zanen da ta yi wa rana launin kore, domin a hasken nan rawaya da kore duk kamarsu ɗaya. Takan ɗora tafin hannu a bayansa ta ji ɗuminsa, ta ba shi labarin wanda aka daka a aji da wanda ya yi amai a filin wasa. Kuma tun tana ƙarama ta gano wata dabara. Akwai ɗan fili tsakanin akwatin da bango, daidai faɗin jikinta. Idan babanta ya dawo daga shago ya jawo kujera ya zauna gaban kifayensa, fuskarsa takan saki, idonsa ya yi laushi, ya riƙa murmushi shi kaɗai. Sai ta lallaɓa ta shige bayan akwatin ta tsaya. Ta cikin ruwan, murmushin nan yakan faɗo daidai kan fuskarta. Takan tsaya har ƙafarta ta yi tsami. Sau ɗaya ya lura da ita, ya ce ta fito, inuwarta tana firgita Sarauniya, wato babbar farar kifanyar nan mai jela kamar mayafi.

Domin a fahimci jinyar marigayin, dole a koma baya kaɗan. Likita ya sa an saya wa yarinyar wani ɗan inji wanda ake zuba wa magani ya mayar da shi tururi, a rufe mata hanci da baki ta shaƙa idan abin fesawa na hannu ya kasa. Injin yana da kyau, aibinsa ɗaya, sai da wuta. A zafin bara ciwon ya taso wata rana babu wuta, Mai Gilashi yana gida. Umma ta fito falo da injin a hannu. Ya karɓa, ya juya shi, ya karanta rubutun da ke ƙasansa a tsanake, ya ce wannan akwai mota a cikinsa, zai girgiza Yaya ya zuƙe masa batir, ga shi babu wanda ya san ranar dawowar wuta. Ya ba da shawara a kai ta bakin taga ta sha iska. A ƙarshe Umma ta goya ta, ta sauka hawa uku da ita zuwa kantin magani na ƙarshen layi, inda suke da janareta. Gaskiya ita ce ya riƙe musu ƙofa, wannan kam ba za a hana shi ba. Yarinyar tana tunawa, ta kan kafaɗar uwarta, ta ga hannunsa ɗaya a kan ƙofa, idonsa a kan kumfa.

Tun daga ranar take da wata tambaya da ba ta yi wa kowa ba sai Yaya. Ta tambaye shi ko iskar da yake ba kifi akwai ragowar da za ta ishi mutum ɗaya, ba babba ba. Yaya ya ce huuum.

Ranar Talata wuta ta riga ta kwana ba a ga ƙeyarta ba. Zafi ya danne gari, wani kuma ya cinna wa shara wuta a bayan ginin, hayaƙin roba ya shigo ta tagar ɗakin yarinyar jim kaɗan bayan ta dawo daga makaranta. Aka fesa na hannu, aka sake fesawa, bai yi ba. Ta zauna a gefen gado ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta suna hawa suna sauka, usur ɗin yana ƙara siririncewa har ya daina fita gaba ɗaya. Duk uwar mai asma ta san ba ƙarar ce abin tsoro ba, shirun ne. Umma ta kira wayar mijinta, tana ta ringi a aljihun rigar da ya rataye a shago. Ta duƙa za ta goya ta, gwiwar nan ta keken ɗinki ta ƙi, ga yarinya ta ƙara nauyi a kan na bara. Sai ta jawo ta falo, ta jingina ta da jikin Yaya, ta tsaya tana kallon fulogi uku.

A nan ya kamata a yi wa Umma adalci. Shekara da shekaru ba a taɓa barinta ta kai hannu wurin ba, ko ƙurar Yaya maigidan ne yake gogewa da wani ƙyalle na musamman. Ba ta san wanne ne na fitila ba, wanne ne na iska. Ta duba, ta zaɓi ƙaramin cikinsu, a tunaninta ƙaramin fulogi ƙaramin laifi ne. Ta zare shi, ta soka na injin.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a da famfon iskar nan a kan wani katako yake zaune, sama da bakin ruwa. Watannin baya Mai Gilashi ya lura rawar famfon tana bin katakon tana damun Sarauniya, sai ya sauko da shi ya ɗora a kan Yaya, bisa wani naɗaɗɗen tawul. Duk mai kiwon kifi ya san idan famfo yana ƙasa da ruwa kuma ya tsaya, ruwan yakan biyo tiyo ya gangaro, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota. Akwai ɗan bawul da ake sakawa a tiyon don hana haka, bai fi gaɓar yatsa girma ba. Mai Gilashi yana da shi. Ya cire shi ne saboda yana rage ƙarfin kumfa, kuma a gidansa famfo ba ya tsayawa.

Yarinyar ce kaɗai ta ga yadda abin ya faru. Tana zaune a ƙasa, hancinta da bakinta a rufe, tururi yana shiga. Ta ga kumfa ta tsaya. Ta ga ruwa ya hau tiyon, ya lanƙwasa ta bakin akwatin, ya fara saukowa a hankali kamar tsutsa. Ta so ta faɗa, amma numfashin da take da shi bai kai na magana ba, ta ɗaga yatsa, Umma ta kama hannun ta riƙe, idonta yana kan ƙirjin 'yarta. Ruwan ya shiga famfon, ya ɗiga ta ƙasansa, tawul ya sha ya ƙoshi, ya fara zuba ta ƙananan ramukan da Yaya yake shan iska.

Waɗanda za su yi jimamin marigayin su san cewa bai saki aiki ba. Huuum ɗinsa ta canja, ta koma kamar ta mai ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinsa a matakala. Ya ce tsit, tsit, tsit, da saurin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Amma injin bai tsaya ba. Maganin da ke cikin ɗan kofin ya ragu, ya kusa ƙafewa, usur ya dawo, tari ya biyo shi, bayan tari kuka, wanda Umma ta ce ba ta taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Sa'an nan Yaya ya faɗi kalmar da bai taɓa faɗa ba. Ya ce tas. Shuɗiyar fitila ta mutu, warin ƙonannar waya ya cika falo, yarinyar ta ji ɗumin da ke bayanta yana raguwa.

Mai Gilashi ya ga kiran da ya rasa, ya rufe shago ya taho. Ya tarar da yarinyar a kwance bisa tabarma a bakin ƙofa, inda iska ta fi shigowa. Ya tsallake ƙafafunta a hankali, bai taka ta ba, ya durƙusa gaban Yaya, ya taɓa jiƙaƙƙen tawul, ya danna maɓalli, ya sake dannawa.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ni ce," in ji Umma. "'Yarka ta kusa mutuwa a hannuna."

Ya waiwaya ya dubi yarinyar, wadda ta tashi zaune don ya gan ta da kyau.

"Ga ta nan tana numfashi."

A lokacin kifaye sun taso sama gaba ɗaya, sun jeru a bakin ruwa suna buɗe baki suna rufewa. Ya kira abokansa masu kiwon kifi a waya, ya ɗauko jug daga kicin, domin idan babu famfo dabara ɗaya ce, a ɗebi ruwan akwatin a ɗaga sama a kwararo shi, a yi ta yi ba tsayawa. Ya ce Umma ta ɗauko na biyu. Umma ta zauna a kujera ta ɗora hannuwa a cinya, ta ce yau ta gama ba da iska. Babu wanda ya aiki yarinyar. Ita ta tashi, ta jawo kujerar tsuguno ta hau, ta ɗauki kofin roba, domin a duk falon ita kaɗai ta san abin da masu buɗe bakin nan suke ji. Tana ɗiba tana kwararowa, ruwa yana zuba a rigarta.

"Ɗaga hannu sama sosai, Usur. Yauwa."

Ta ɗauki yauwar nan ta ajiye a wuri mai kyau. Har yanzu tana nan.

Iyalan suna miƙa godiya ta musamman ga 'yan uwa masu kiwon kifi, waɗanda suka nuna zumunci ba a baki yake ba. Kafin kafaɗar yarinyar ta gama sagewa, maza uku suka iso a kan babura daga unguwanni masu nisa, ɗaya ma da kayan aikinsa a jiki, kowa da famfon iska mai batir a hannu, suna hawa matakala bibbiyu. Umma ta ce shekarunta a ginin nan ba ta san ana iya hawansa da wannan saurin ba. Suka ɗauka yabo ne, suka ce ai yi wa kai ne. Cikin ikon Allah ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Washegari mai gyara ya zo ya buɗe cikin marigayin a gaban abokan, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce allon ciki ya ƙone ƙurmus, amma ga alama bai wahala ba. Babban cikin abokan, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau, ya ce da na fitila aka cire da babu abin da zai faru, ya kuma tambaya a hankali ina bawul. Mai Gilashi ya ce bawul na gidan da ake cire fulogi ne. Dattijon ya ga ran mutumin a ɓace yake, ya so ya lallashe shi, ya ce a bar wa ƙaddara, ai rai ne, ko shi da yana gida abin da zai yi ke nan.

"Da ina gida babu mai taɓa ko ɗaya," in ji Mai Gilashi. "Ko na fitilar."

Ya faɗe ta a natse, kamar yadda yake faɗa wa mai saye girman taga. Babu wanda ya lura cewa yarinyar tana wurinta na kullum, tsakanin akwatin da bango, domin babu fitila, ruwan ya yi duhu.

Marigayin ya rasu ya bar Sarauniya, wadda ta ƙi cin abinci yini guda amma yanzu ta sake. Ya bar kifaye masu zane-zane su biyu, mata da miji, da tarin 'yan jajaye waɗanda ba sa tsayawa a ƙirga su, da baƙin nan mai manne wa gilashi wanda bai san an yi rasuwa ba. Ya bar batir biyu suna zaman takaici a kusurwa, da matata, da famfon iska, wanda aka shanya a bakin taga ana fatan Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ya bar uban riƙonsa, Mai Gilashi, wanda tun ranar bai koma shago ba. Ya bar Umma, wadda maganarta da maigidan ta koma abinci yana kan tebur. Sai ƙanwa guda ɗaya, wadda ta tambayi uwarta ko Yaya ya yi fushi da ita kafin ya tafi. Umma ta ce a'a, Mamana, ai shi kaɗai ne a gidan nan ya yi abin da babba yake yi.

Ga yadda aka tsara sallama. Gawar tana falo a inda ya saba zama, an goge ta, an lulluɓe da farin ƙyalle, masu son yi masa kallon ƙarshe ƙofa a buɗe take. Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Asabar da hantsi. An ari kujeru daga hawa na biyu da na ƙasa, an jera su har baranda, domin masu kiwon kifi na gari duka sun ce za su zo. Ana roƙon jama'a kada a fesa turare kuma kada a sha taba, saboda suna sauka a kan ruwan kifi. Masu niyyar tambayar inda za su sa cajin waya su yi wa Allah su dubi halin da ake ciki. Bayan an tashi, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa, Mai Gilashi zai sauko da marigayin a kafaɗa kamar yadda ya hau da shi, an kuma yi alkawari da mai kurar cewa ba zai fasa shi da guduma ba sai ya sha kwana.

Magajinsa yana hanya. Domin kada irin wannan rashi ya sake aukuwa, Mai Gilashi yana haɗa masa ɗaki na gilashi mai kauri, da ramukan shan iska a gefe, da ƙofa, da kwaɗo, makullin zai zauna tare da na shago a aljihunsa. Jiya da yamma ya fito da tef zai auna wurin, ya rasa mai riƙe masa ɗaya bakin, sai ya kira Usur. Ta zo da gudu. Ta danne tef ɗin a jikin bango da babban yatsa, ba ta motsa ba, ya auna ya sake aunawa, ya nuna mata inda kwaɗon zai zauna, ya ce ko mai ƙaramin hannu ba zai iya zura shi ba. Ta ce to, Baba.

Da ya naɗe tef ya shiga ciki, ta tsaya tana kallon kujerun da aka jera har baranda, ta dubi farin ƙyallen. Ta gane cewa da babanta yana gida ranar Talata, da Yaya yana nan da ransa, da zaman makokin nan nata ne, kuma da ba a ari kujeru da yawa haka ba.